Shingen Katako na Hindu Mai Labu

Ba ta rediyo tsoro ya shigi Hindu ba, don ba ta da rediyo. Ta kafar zana ya shigo mata. Ranar Juma'a ce, cikin zafin Afrilun 1984, tana tsakar gida tana kirɓa tunkuza, sai ta hango mahauta suna dawowa daga mayanka tun hantsi bai dubi ludayi ba. Duk wanda ya san unguwar Hausare ta Garwa ya san mahauta ba sa wucewa shiru. Kullum sai sun daki zananta da sanda, wannan ya ce labun kilishin jiya ya cika barkono, wancan ya ce a'a, rowar citta aka yi. Ran nan kuwa suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Wada, ƙanin mijinta marigayi, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko a makabarta, ya zo daidai ƙofarta ya rage tafiya, ya dubi zanan, ya wuce bai yi sallama ba. A nan taɓarya ta yi wa Hindu nauyi a hannu.

Sai da rana ta take tsaka Kaltumi, maƙwabciyarta ta tsallaken lungun baya, ta zo ta karci zana da farce, kamar yadda suka saba in ɗaya na neman aron gishiri.

"Hindu, kina kusa?"

"Ina jin ki."

"An ce Yawunde ba lafiya. Tun asuba ake harbi. Wai sojojin da ke gadin fada ne suka tasar wa gwamnati." Ta ƙara da cewa, "Ban ce da shi a ciki ba fa. Abin da rediyon Ishaku ya faɗa shi na faɗa miki."

Hindu ta ci gaba da kirɓa tunkuza. Ɗanta Ilyasu yana cikin sojojin da ke gadin fada.

A Hausare aka haifi Hindu. Kakanta ya zo daga ƙasar Kano da jakunan kanwa, ya ga kogin Binuwai ya ce ya isa haka. Ta auri Shu'aibu mahauci, kuma a gidansa ta koyi haɗa labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma kilishi a ciki kafin a mayar da shi rana. Bayan rasuwarsa da labun ta riƙe gida, da shi ta aurar da 'yarta Rabi'atu can Tibati. Ba mai kuɗi ba ce, ba kuma mai roƙo ba. In an ce Hindu mai labu, kowa ya san gidan: ɗaki biyu na ƙasa, turmi uku, darbejiya guda a kusurwar baya, sai zana kewaye.

Ilyasu ɗan fari ne, Hindu kuma mace ce ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, ba ta taɓa tambayar kowa ko ya ci ko ya sha ba. Da aka yaye shi aka kai shi gidan Iya, uwar mijinta, a ƙarshen lungun baya, a can ya tashi. In dole ta kama a ambace shi, sai ta ce “na gidan Iya”. Haka kunyar ɗan fari take, kuma matan unguwa har misali suke yi da ita.

Abin da ba su sani ba shi ne kusurwar darbejiya. Tun yana ƙarami, idan rana ta yi tsaka, lokacin da zafin Garwa ke kore kowa daga titi har karnuka, yaron yakan biyo lungu ya buɗa zana a wannan kusurwa ya kutso. Kullum zai tarar da kwano a rufe a gindin bishiyar. Hindu za ta juya masa baya ta ci gaba da daka. Ya ci, ya kife kwanon, ya fice ta inda ya shigo. Ba ya magana, ba ta magana. Ko da ya zama soja, in ya zo hutu, ta ƙofar gaba yake shigowa da kakinsa ya gaishe ta daga nesa, ta amsa a daƙile kamar baƙo. Washegari da tsakar rana kuwa sai ta ji zana na motsi a kusurwa.

Kafin mako ya zagayo aka ce gwamnati ta yi rinjaye, aka shiga kame. Sojoji, 'yan kasuwa, ma'aikatan ofis, da yawansu 'yan arewa. Har yau a unguwar ba a kiran ranar da sunanta, “abin da ya faru” ake cewa, shi ma sai an waiga. Da ruwan farko ya sauka, sai raɗe-raɗi ya biyo shi: wai an yi wa wasu shari'a, an loda su a motoci an nufi daji da su, motocin sun dawo babu kowa. Ba a faɗi sunaye ba. Ba a aiko wa kowa da gawa ba, ba a aiko da ko hula ba.

Ƙafa ta ɗauke daga gidan Hindu. Mahauta ba su daina bukatar labu ba, amma sai suka koma aiko Wada ya karɓo musu gaba ɗaya. A teburin mai shayi da ke fuskantar ƙofarta wani mutum ya fara zama, wanda ba wanda ya san daga ina yake. Yakan sayi kofi ɗaya ya ajiye har ƙuda su gaji da shi. Wataƙila aiki yake jira, wataƙila ba shi da wurin zuwa ne. Ba wanda ya tambaye shi, kuma ba wanda ya sake yin doguwar hira a teburin.

Abin da ya rage wa Hindu shi ne zanan baya. Ishaku, mijin Kaltumi, direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Ngawundare inda jirgin ƙasa ke tsayawa, kuma duk wani labarin kudu a tashar nan yake fara sauka. Duk dawowar da ya yi, Kaltumi za ta tsallako lungu ta karci zana ta zazzage abin da ya zo da shi. Alherin zana ke nan: murya na wucewa, fuska ba ta wucewa. Hindu ba ta tambaya, ba ta ambaci kowa, ba wanda zai ce ta zubar da kunya. Tsayawa kawai take yi da tsintsiya a hannu kamar mai shara. Labaran ba su jituwa da juna. Yau a ce wasu sun tsere sun faɗa Najeriya ta Mubi, gobe a ce ba wanda ya tsira, jibi a ce kurkuku sun cika maƙil da masu rai.

Ɗaya daga cikin labaran ne ya kafe mata a rai. Wai a Marwa, a unguwar Dugoy, wani soja ya kuɓuta ya iso gidan uwarsa, ta ɓoye shi a ɗaki. Ran nan ya fito tsakar gida yin alwala, wani mai wucewa ya hango shi ta kafar zana. Washegari zandarmomi, 'yan sandan gwamnati, suka zo suka tafi da shi.

Tun daga ranar Hindu ta daina ganin zananta a matsayin zana, sai idanu. Takan tsaya a gindin darbejiya inda kwano ke zama, ta duba: daga nan ana hango teburin mai shayi, ana hango ƙafafun mutumin. In tana ganinsa, yana ganinta. In na gidan Iya ya tsira ya biyo lungu ya kutso, kafin ya buɗe kwano an gan shi.

Bayan babbar sallah Wada ya zo, ya zauna a kan turmi a kife, yana murza hula a gwiwa.

"Matar Yaya, da magana na zo. Kada ki jefe ni da muciya."

"Faɗi mana, sarkin surutu. Yaushe ka fara neman izini?"

"Mun zauna da liman." Ya share gumi. "An ce abin ya daɗe. Gidan Sulaimanu mai goro sun yi wa nasu. A kwance zanan gaba a ɗora rumfa, a zauna a yi addu'a, a raba waina. Mamaci na da hakki a kanmu."

Haka ake yi a Hausare. In an yi rasuwa, zanan gaban gida ake kwancewa a ɗaga shi bisa dirkoki ya zama rumfar masu zaman makoki, duk mai wucewa ya san abin da ya faru ba sai an gaya masa ba. Da a kan Rabi'atu ake wannan magana, da Hindu ta tashi ta ce wa ya ga gawar, wa ya wanke ta. Amma a kan ɗan fari ne, kuma uwa ba ta jayayya a kan ɗan fari. Ta dubi zanan ta ce,

"Wannan ai ya ruɓe. Ba zai yi rumfa ba."

"To in kaka ta yi a sayi sabo."

"In kaka ta yi," in ji Hindu.

Kaka ta yi, masu zana suka shigo gari daga ƙauyuka da jakuna, sabon gamba yana ƙamshi. Suka yi ta kira a ƙofarta, ba ta leƙa ba. Ta sayar da tumakin da take kiwo da tasoshin aurenta, ta aika aka kira mata Théodore, kafintan unguwar Yelwa da ke yi wa mahauta tebura. Ɗan ƙabilar Tufuri ne dogo, mai dariya da dukan jikinsa. Ba ya jin Hausa sosai, ita ba ta jin Faransanci, don haka da Fillanci suke magana kamar kowa a Garwa, yana ce mata Dada, wato Inna.

Da ta gaya masa shingen katako take so, sai ya duba ɗakunan ƙasa, ya duba ta.

"Dada, gidan ne zai sa takalmi ya bar wando? Katako fa na gidan komanda ne."

"Kai aiki kake so ko wa'azi?"

"Aiki, Dada, aiki. Wa'azi sai Lahadi."

Tare suka je wurin masu sayar da katako. Hindu ba ta taɓa sanin itace na da dangi haka ba. Akwai fari, marar nauyi, mai sauƙin ƙusa, wanda Théodore ya ce gara na ganinsa za ta gayyato surukanta. Akwai ja mai nauyi, da ke lanƙwasa ƙusa ya dakusar da zarto. Ita ba ƙarfi take dubawa ba. Duk falle sai ta ɗaga shi sama ta kara a rana, in ta ga ɗan haske ta wani ƙulli sai ta ajiye. Ta zaɓi ja. Théodore ya ɗora tafin hannu a kai, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Ɗanye ne. Bai daɗe da saukowa daga jirgi ba, ruwan dajin kudu na cikinsa har yanzu. Mu jera shi a inuwa ya sha iska sai bayan sanyi. In muka kafa shi haka, bazara na zuwa zai tsuke, kowane falle ya ja jikinsa ya bar ɗan'uwansa."

"Ba ni da sai bayan sanyi."

"Dada, biki za a yi ne?"

"Ka kafa kawai."

Dirkoki kuwa azara suka saya, tsagin giginya, don gara ba ta cin ta. Duk da haka Théodore ya babbake gindin kowace a wuta, ya shafe ta da baƙin man mota kafin ya binne, ya daddale ramin da tsakuwa. Da ya tambayi tsayi, Hindu ta ɗauko taɓarya ta ɗaga ta sama da kanta iya miƙewar hannu, ta ce nan. Shi ya yi dariya ya ce ko raƙumi ba zai leƙo ba. Ita ba raƙumi take aunawa ba. Mutumin da ke tsaye a bayan motar zandarma take aunawa.

Rigimar ta tashi ne ranar da za a buga tanka, wato dogayen katakan da ake gicciyawa tsakanin dirka da dirka, sama da tsakiya da ƙasa, waɗanda a jikinsu ake kafa fallayen. Théodore ya ja igiya ya fara aunawa ta cikin gida. Hindu tana kallo daga bakin murhu, sai ta lura da abin da ba ta yi tunaninsa ba tun farko. In tanka na ciki, ta waje shingen zai zama sumul kamar bango, ga tsayi. Zana ana buɗa shi da hannu ɗaya. Wannan kuwa wanda ya biyo lungu da tsakar rana zai zo kusurwar darbejiya ya tarar ba ƙofa, ba wurin sa ƙafa. Da hannunta ta toshe masa hanya.

Ta tashi ta je ta tsaya a kan igiyar.

"Ka mayar da su waje."

"Me zan mayar waje?"

"Tankar. Ta waje za ka buga su, fallayen ta ciki."

Théodore ya cire ƙusoshin da ke bakinsa. "Non, non, Dada. Ba a yin haka. Kyakkyawar fuska waje take kallo, haƙarƙari a ciki. In na sa su waje ai tsani na yi wa ɓarawo, hawa uku ya diro miki."

"Me ɓarawo zai ɗauka a nan? Turmi?"

"To sunana fa? Duk wanda ya wuce zai ce Théodore ya sha giyar bilbil kafin ya ɗauki guduma."

"Ka ce musu tsohuwa ce ta rikice."

Ya dube ta ya daɗe. Ya san ɗanta, shi ya yi masa akwatin katakon da ya tafi da shi kudu. Bai ambace shi ba. Ya rage murya ya ce, "To a yi haka a bayan gida kawai. Gaba da gefe a yi su daidai."

Hindu ta yi tunani, ta ga in baya kaɗai aka juya, ko yaro zai tambayi dalili, kuma mai zama teburin shayi ba yaro ba ne. Ta ce, "Duka."

Haka aka yi shi duka. Unguwa ta samu abin dariya, abin da ta daɗe ba ta samu ba. Mahauta suka dawo da dukan shinge da sanda, suna cewa gidan Hindu ya sa riga a baibai. Wada ya zo ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya gwada girgiza dirka ɗaya, ko gezau. Ya dubi kawunan ƙusoshin da suka jeru a gaban gidan, inda da zana yake ɗaure da igiya. Wannan ba ya kwantuwa, ba ya zama rumfa.

"Matar Yaya," ya ce, "kin iya magana ba da baki ba."

"Ga labunku can, ɗauka ka ba ni wuri."

Bai sake tayar da zancen zaman makoki ba.

A makon farko Hindu ta ji daɗi. Ta tsaya a gindin darbejiya ba ta ga teburin shayi ba, ba ta ga ƙafafun kowa ba, sai jan katako da sama. Ta dawo da ajiye kwano a rufe da tsakar rana, abin da ta daina tun da ta ji labarin Dugoy. In la'asar ta yi sai ta juye wa kaji.

Amma Ishaku ya je Ngawundare ya dawo, ba ta ji karcin farce ba. Ya sake zuwa ya dawo, shiru. Sai ran nan a wurin wani suna suka haɗu da Kaltumi a bakin randa, Kaltumi ta ce da ita ƙasa-ƙasa,

"Ke kuma wane irin kurman abu kika kafa? Na zo na yi ta magana, katako ya shanye. In na ɗaga murya duk lungu zai ji. In na buga, kamar ganga. Ta gaba kuwa Ishaku ya ce in ya ji na taka ƙofarki a idon mutumin can, in wuce gidanmu."

Hindu ta buɗe baki za ta ce to me ya zo da shi, sai ta ga mata sun kewaye randar. Ta rufe bakinta. A gaban mutane ba za ta tambaya ba, a bayan katako kuma ba za ta ji ba.

Tsanin da ta yi kuwa ya samu masu hawa. Yaran unguwa suka gane shi tun kafin man dirkokin ya bushe. Tana cikin daka sai ta ji ƙafa a tankar ƙasa, ƙafa a ta tsakiya, gabanta ya yanke ya faɗi, ta juya baya kamar yadda ta saba, ta ƙura wa turmi ido. Sai ta ji ƙyalƙyalar dariya, wani ya leƙo ya ce Inna a ba mu ƙuli. Kullum haka, kuma kullum sai gabanta ya faɗi, bai taɓa sabawa ba. Ba ta iya korarsu da zafi, don kada a fara tambayar wa take jira. Ba ta iya fita unguwa da rana, don kada a zo ba ta nan. Rabi'atu ta haihu a Tibati, aka aiko, Hindu ta tura zani da yaji ta ce ƙafa ke damunta.

Da bazara ta kama, gidan ya zama tanda. Zana yana tace iska, katako tare ta yake yi. Labu ya fara tsami kafin Wada ya zo ɗauka, sai da ta koma haɗa shi kaɗan-kaɗan. Tabarma na ƙuna, randa na ɗumi, kaji na buɗe baki a gindin bango. Wani lokaci takan zauna a ƙofar ɗaki ta dubi shingen ta kowane gefe, ta tuna akwatunan da Théodore ke yi wa mutanen cocinsu in an yi musu rasuwa. Irin katakon ne.

Sannan abin da kafinta ya faɗa ya tabbata. Fallayen suka fara tsukewa, suna ƙara da tsakar rana kamar ana karya ƙashi. Tsakanin kowane biyu wata siririyar tsaga ta buɗe, rana na zubo zare-zare a tsakar gida. Théodore ya zo da kansa, ya sa yatsa a tsaga ya ce, "Ban faɗa ba, Dada?" Ya kawo siraran katakai ya bi yana rufewa. Da ya iso kusurwar darbejiya, inda wata tsaga ta fi sauran faɗi har yatsa biyu na shiga, Hindu ta ce ya bar wannan, kaji na shan iska. Ya dubi kajin, ya dubi kwanon da ke rufe a gindin bishiya, ya tattara ƙusoshinsa.

Ta wannan tsaga muryar Kaltumi ta dawo. Kuma ta nan ne, wata Talata da rana ta raba tsaka, ba motsin kowa a lungu, Hindu ta ji muryar namiji.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan da aka juya wa shinge?"

Ba muryarsa ba ce. Ta san haka tun daga sallamar, amma sai da ta dafa darbejiya.

"Nan ne."

"Wani direba ya kwatanta mini a Ngawundare. Ya ce ba zan ɓata ba, shi kaɗai ne a Garwa." Hausarsa ta mutanen dutse ce, numfashinsa na fita da ƙyar. Ta tsagar ba ta ganin komai sai ƙashin wuya da wata tsohuwar riga da ta yi masa yawa. "Daga can aka sako ni. Mokolo za ni. Na yi wa waɗanda na baro alkawarin in na bi ta garinsu zan faɗa wa nasu. Inna, ba zan daɗe a nan ba. Wa kike nema?"

Hindu ta ce, "Na gidan Iya."

"Ban san wannan ba. Mutanen Garwa suna da yawa a wurin. Sunansa za ki faɗa mini."

Ta waiga. Ba kowa a gidan sai kaji. Ba Kaltumi, ba Wada, ba wanda zai faɗa a madadinta. Ta ji mutumin yana gyara tsayuwa, takalminsa na jan ƙasa kamar mai shirin tafiya. Ta kai bakinta jikin katakon, zafinsa na ƙona mata leɓe.

"Ilyasu," ta ce. Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba da harshenta aka yi shi ba. Ta sake cewa, "Ilyasu Shu'aibu. Ɗana ne."

Mutumin ya matso kusa da tsagar.

"Akwai Ilyasu biyu 'yan Garwa," ya ce. "Ba ɗakinmu ɗaya ba, ban ga fuskar ko ɗaya ba, kira kawai nake ji in ana ƙidaya da safe. Ɗaya an fita da shi a mota tun farkon damina. Ɗaya kuwa har ranar da na fito ina jin ana kiransa yana amsawa. Sunan uba ban riƙe ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, ban san wanne ne naki ba."

"Yana da ƙuna a bayan hannun hagu," in ji Hindu. Maganar ta ɓalle mata. "Wutar kilishi ce tun yana yaro. Haƙorinsa na gaba ya ɗan guntule. Yana cin abinci da sauri, in ya gama sai ya kife kwano. Yana ɗingisa kaɗan in ya gaji, ƙafar dama." Matar da unguwa ta shaida ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi ɗanta ba, ta yi ta lissafo shi tun daga kai har ƙafa, sai da mutumin ya ce ya isa, ya riƙe.

"Akwai wanda aka sako kafin ni, ɗan wajenmu, shi ɗakinsu ɗaya da wanda ya rage. In na same shi a Mokolo zan tambaye shi ƙunar da haƙorin. Abin da ya ce, zan ba direbobi su kawo wa maƙwabcinki mai babbar motar nan."

Hindu ta ɗauki kwanon da ke gindin bishiya, ta taka turmi, ta miƙa shi ta saman shinge. Ta ji ƙafa a tankar ƙasa, ƙafa a ta tsakiya, wani siririn hannu ya karɓa. Ta juya baya. Can an jima kwanon ya dawo ta sama, babu komai a ciki, ba a kife ba.

An kusa shiga wata damina ke nan. Mutumin teburin shayi ya daina zuwa, wani ya maye wurinsa, ko kuma mai shan shayi ne kawai. Hindu tana nan a Hausare tana haɗa labu, ba ta zuwa ko'ina da rana. Ishaku ya tambayi direbobin hanyar Mokolo, sun ce ba wanda ya ba su saƙo tukuna. Kaltumi takan zo tsagar ta faɗa mata haka, yanzu kuma Hindu da bakinta take tambaya. Har yau ba ta san wane Ilyasu ne ya rage ba. Tana jiran saƙon Mokolo.